Ƴaƴan itace a matsayin alama: ɗab'in allo mai launi na ƙasar Sin da kwatancinsa a Hausar Adar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a Tawa ko a garuruwan arewacin Adar ya san jere: kwanoni da langa da kwalla da faranti, an gicciya su bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane da zanen furanni ko na ƴaƴan itace. A wani biki da muka halarta a Takanamat shekarun baya, idonmu ya tsaya kan wani faranti mai ɗauke da ƴaƴan itace iri biyu. Ɗaya ja-ja ne mai tsinin baki da ganye biyu, ɗayan kuma ya tsage, ƙwayoyinsa na leƙowa. Muka tambayi wata gwaggonmu ko mene ne wannan. Ba ta ko ɗaga kai sosai ba ta ce: «Mangwaro na, ɗana, da tumatir da ya hwashe.» Amsar ba kuskure ba ce a Takanamat. Sai dai da Basine aka nuna wa farantin nan, da ya ga ɗan itacen da suke kira táo da kuma rumman, ya karanta addu'a a ciki: Allah ya ba da tsawon rai da ƴaƴa masu yawa.

Wannan tazara tsakanin abin da aka zana da abin da aka gani ita ce ta jawo wannan rubutu. Manufarmu uku ce. Da farko za mu bayyana yadda Sinawa ke buga hoto mai launi da allunan katako, domin wannan sana'a na cikin manyan hanyoyin da irin waɗannan zane-zane suka yaɗu a ƙasarsu. Na biyu, za mu nuna cewa yawancin ma'anar ƴaƴan itace a zanen Sinawa daga harshen Sinanci take fitowa. Na uku, za mu auna wannan da abin da Hausa ke yi da goro da dabino da ɗan kuka da ƙwarya, mu ga abin da masu aikin ƙamus da masu koyar da ilimin ma'ana za su iya ɗauka.

2. Ɗab'in allo

2.1. Asali

Sinawa sun fara buga rubutu da allon katako tun zamanin daular Tang. Littafi mafi tsufa da aka samu cikakke mai ɗauke da ranar bugu shi ne wani nassin addinin Buda na shekarar 868, wanda aka gano a kogunan Dunhuang, yana ajiye a Landan. Baƙin tawada kaɗai aka yi amfani da shi, amma har da hoto a shafinsa na farko. Wajen 1340 aka buga wani kwafin wannan nassi da launi biyu, baƙi da ja. Bunƙasar launi ta gaske sai ƙarshen daular Ming, wato farkon ƙarni na 17, lokacin da attajirai da malamai na biranen kwarin kogin Yangzi suka shiga gasar mallakar kyawawan littattafai.

Katakon da aka fi sassaƙawa na itatuwa biyu ne masu ƴaƴa: lí, wanda Faransawa ke kira poirier, da zǎo, ɗan'uwan magarya da kurnarmu, domin dukkansu dangin Ziziphus ne. Katakonsu na da tauri da laushin fuska, wuƙa na bin sa ba tare da ya tsage ba. Har harshen ya riƙe wannan: a Sinanci na malamai, «miƙa wa lí da zǎo» na nufin ba da littafi a buga, shi kuwa littafin banza akan ce «masifa ce ga lí da zǎo», wato an yi asarar itatuwa a kansa. Mai karatu zai tuna cewa allon makarantarmu ma daga itace mai ƴaƴa aka fi sassaƙa shi, wato aduwa.

2.2. Yadda ake aikin

Dabarar da ta kai launi matuƙa ana kiran ta dòubǎn. Sunan ya samo asali daga wasu ƙananan kayan ƙwalama masu launi dabam-dabam da ake tarawa a faranti, saboda allunan ƙanana ne, kowane da siffarsa. Aikin na bin matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne rarrabewa. Gwani ya zauna gaban zanen asali, ya yanke shawarar launi nawa ne a ciki, da kuma inda launi guda ya yi kauri da inda ya yi sirara. Sai ya kwafe kowane sashe a kan takarda mai shara-shara. Ɗan itace guda na iya cin allo uku ko huɗu: na jiki, na jan da ke kumatunsa, na ganye, na jijiyar ganye.

Mataki na biyu sassaƙa. Akan manna takardar a kife bisa katako, a murje bayanta har sai zanen ya bayyana, sa'an nan a sassaƙe duk inda babu zane. Abin da ya rage a tsaye shi zai ɗauki launi.

Mataki na uku shi ne daidaitawa, kuma nan ne hikimar take. Teburin bugu na da tsaga a tsakiya. A gefe guda akan danne tarin takardu da katako ta yadda ko ɗaya ba za ta gusa ba, a ɗaya gefen kuma a like allon da danƙo. Tun da takardun ba sa motsi, allon ne ake matsarwa har ya faɗa daidai gurbinsa. Mai bugu ya jawo takarda ɗaya bisa allon, ya goga bayanta, ya sake ta cikin tsagar, ya jawo ta gaba. In ya gama tarin duka da allo guda, sai ya ɗaga shi ya kafa na biye.

Mataki na huɗu shafa launi. Babu injin matsi, babu tawada mai maiƙo. Launin ruwa ne irin na masu zane, ana shafa shi da burushin zaren wani irin kaba, takardar kuma a ɗan jiƙe take. Mai bugu kan ƙara launi a gefe guda na allon ya rage a ɗaya gefen, ko ya share wani wuri da yatsa, don jan ya riƙa narkewa cikin rawaya kamar yadda yake a jikin ɗan itace nunanne. Shi ya sa ba a samun kwafi biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Akwai kuma dabarar gǒnghuā, inda ake danna takarda bisa allon da ba a shafa wa komi ba, sai siffar ta taso fara, ana jin ta da yatsa.

2.3. Manyan ayyuka

Sunan da ba a tsallakewa a nan shi ne Hu Zhengyan, mutumin Huizhou da ya zauna a birnin Nanjing. Wajen 1633 ya kammala kundin koyon zane da ake kira da sunan gidansa, Shizhuzhai, wato «Zauren Gora Goma». Kundin na da sassa takwas, kuma guda daga cikinsu na ƴaƴan itace ne zalla, kusa da na tsuntsaye da na duwatsu da na gora. A 1644 ya fitar da wani kundin na takardun wasiƙa masu ado, wanda marubuci Lu Xun da Zheng Zhenduo suka sa gidan Rongbaozhai na Bejin ya sake sassaƙawa daga 1934. Bayansa sai kundin Jieziyuan, «Lambun Ƙwayar Mastad», wanda kashinsa na farko ya fito a Nanjing a 1679, na biyu da na uku a 1701. Masu karatu da Faransanci sun san shi ta fassarar Raphaël Petrucci ta 1918.

Waɗannan na malamai ne da masu hali. Talaka kuwa nasa shi ne niánhuà, hoton sabuwar shekara, wanda ake bugawa da yawa a garuruwa irin su Yangliuqing kusa da Tianjin, Taohuawu a Suzhou, da Yangjiabu a lardin Shandong. Launukansa masu ƙarfi ne, kuɗinsa kaɗan, akan manna shi a ƙofa ko a bango, in shekara ta zagayo a sauya. A nan ne ake yawan ganin jariri mai ƙiba rungume da kifi ko da ƙaton táo. Sana'ar ba ta mutu ba: a 1979 gidan Rongbaozhai ya kammala kwafin wani tsohon zane da ya ci alluna sama da 1600, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa sassaƙar allon ɗab'i ta Sin cikin jerin al'adun gado na duniya.

3. Hoton da ake karantawa da baki

Tun 1901 Édouard Chavannes ya nuna, a wani nazari kan yadda zanen talakawan Sin ke bayyana fatan alheri, cewa yawancin waɗannan hotuna addu'o'i ne, kuma da dama daga ciki sai an furta sunan abin da aka zana kafin a gane su. Wannan shi ne abin da Faransawa ke kira rébus. A ganinmu hanyoyi uku ne ɗan itace ke samun ma'ana, kuma yana da kyau a raba su tun yanzu, domin su ne ma'auninmu idan mun juyo kan Hausa.

3.1. Hanyar sauti

Sinancin Bejin na da gaɓoɓi kusan 400 idan ba a lissafa karin sauti ba, kusan 1300 idan an lissafa karinsa huɗu. Tun da yawancin ƙwayoyin ma'ana gaɓa ɗaya ne, dole kalmomi masu yawa su yi tarayya a furuci guda. Rubutu ne ke raba su, domin kowace da harafinta. Mai zane sai ya ci ribar wannan cunkoso:

(1) shì «kanyar Sin» da shì «al'amari»: kanya biyu na nufin al'amura duka su tafi yadda ake so.
(2) zǎo «magaryar Sin» da zǎo «da wuri»: akan watsa ta a gadon amarya don a samu haihuwa da wuri.
(3) lí «ɗan itacen poirier» da lí «rabuwa»: masoya ba sa raba shi biyu su ci.
(4) píngguǒ «tuffa» da píng'ān «zaman lafiya».
(5) fóshǒu «lemun hannun Buda» da fú «albarka» da shòu «tsawon rai».
(6) húlu «gora» da fúlù «albarka da muƙami».

Kanyar da ke (1) ƴar'uwar tamu ce, dangin Diospyros, gorar da ke (6) kuwa duman nan ne namu ba wani ba, Lagenaria siceraria.

Misalan (1) zuwa (3) cikakkun tagwaye ne: baƙi da wasali da kari duk ɗaya. A (4) gaɓar farko ce kaɗai ta dace. A (5) wasali ya bambanta a gaɓar farko, kari ya bambanta a ta biyu. Ke nan wasan ba ya buƙatar daidaito cikakke, kusanci ya isa idan al'ada ta riga ta amince. Misali na (6) zai fi jan hankalin mutumin Adar, domin a kare-karen harshe da dama na kudancin Sin, hu da fu sun haɗe, kamar yadda Ba'adare ke cewa huska da tahi da hwari inda Bakano ke cewa fuska da tafi da fari. Haka kuma lemun zaƙi ƙarami, alamar sa'a: a Sinancin Bejin jú da jí kusa kawai suke, amma a harshen Kanton sunan lemun da kalmar sa'a furucinsu ɗaya ne. Wato ƙarfin alamar na bin karin harshen mai kallo.

3.2. Hanyar siffa

Rumman bai dogara da sunansa ba. Abin da ido ke gani ya isa: ɓawo ɗaya, ƙwayoyi barkatai. Amma ko nan harshe ya sa hannu, domin kalmar zǐ na nufin ƙwayar iri, tana kuma nufin ɗa. Shi ya sa ba a cika zana rumman a rufe ba, sai a tsage, don «ƴaƴan» su bayyana.

3.3. Hanyar labari da amfani

Shi kuwa táo, wanda Faransawa ke kira pêche, ma'anarsa daga tatsuniya take. An ce a lambun Xiwangmu, Uwar Sarauniyar Yamma, akwai itatuwan da ba sa nuna sai bayan shekara 3000, wanda ya ci ba zai mutu ba. Daga nan ya zama alamar tsawon rai, har akan yi burodi da siffarsa ranar bikin cika shekarun tsoho. Idan aka haɗa lemun hannun Buda da táo da rumman a hoto guda, an sami sānduō, «yalwa uku»: albarka, shekaru, ƴaƴa. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin ukun ta hanya dabam ya shigo, na farko ta sauti, na biyu ta labari, na uku ta siffa, amma mai kallo na karanta su jimla guda.

4. Abin da Hausa ke yi

4.1. Siffa: itace uwa ce

Abin da Sinanci ya yi da kalmar zǐ, Hausa ta yi shi a fili har ya daina ba mu mamaki. Ba mu da kalmar tilo ta abin da Faransanci ke kira fruit. Ɗan itace muke cewa, jam'i ƴaƴan itace, a Adar ɗiyan icce. Masu son cikakken bayanin wannan karin harshe sai su duba aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar. Itace na yin ƴaƴa, yana kuma zubar da su. Iri na nufin abin shuka, yana nufin zuriya. Ɗanye na bayyana mangwaro, yana bayyana hankalin yaro (ɗanyen kai) da aikin da ba a yi tunani a kansa ba (ɗanyen aiki). Karin magana ya bi wannan turba: idan ɗa bai gaji halin iyayensa ba sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, maganar da ba ta buƙatar sharhi ga wanda ya san fadamun Galmi. Idan dama ta zo a lokacin da ba a iya cin ta, kanya ta nuna biri ya karye.

4.2. Sauti: ɗan kuka

Shin Hausa na yin wasan sauti da ƴaƴan itace? Tana yi, ga shaida:

(7) Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

A rubutunmu na yau da kullum kalma ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Kuka na itace karinsa sama-ƙasa ne, kuka na hawaye sama-sama. Idan aka bi na farko, hoton a sarari yake: yara na jifan ɗan kuka, duwatsu na faɗa wa uwar itacen. Idan aka bi na biyu, yaro ne mai kuka da ke tona inda uwarsa take, ko ya jawo mata zagi. Ma'anar karin maganar ba ta sauya, kuma masu magana na jin duka biyun. Wannan daidai yake da misali na (5): bambancin kari bai hana wasa ba.

Sai dai irin wannan kaɗan ne a Hausa, kuma dalilin na tsarin harshe ne. Yawancin kalmominmu gaɓa biyu ne ko uku, ga kari, ga tsawon wasali, ga jinsi. Gora ta ruwa da gora ta sanda sun bambanta ta kari da jam'i, goro kuma ya rabu da su ta wasalin ƙarshe. Cunkoson da ya wadata mai zanen Sin babu shi a nan. Dalili na biyu na al'ada ne: adon Hausa, a riga ko a bango ko a fata, ya fi karkata ga siffofin lissafi bisa ga kwaikwayon halitta. Harshe na shiga wannan ado ne ta ƙofar suna. Aska takwas, dagi, tambari: an fara yin zanen, sa'an nan aka raɗa masa suna, kamar yadda matan kasuwa ke raɗa wa sabuwar atamfa. A Sin suna ke haifar da hoto, a ƙasar Hausa hoto ke samun suna.

4.3. Amfani: goro da dabino

Hanyar da ta fi ƙarfi a Hausa ita ce ta uku. Ƴaƴan itacen da suka fi nauyin ma'ana a Adar su ne waɗanda ake miƙawa hannu da hannu, kuma manyan biyu duka baƙi ne. Goro daga kurmi yake zuwa. Fatake sun yi ƙarnuka suna ɗauko shi daga Gwanja, ta kasuwar Salaga, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980. Dabino daga arewa yake gangarowa, daga Ingal da Abzin da Kawar. Adar na tsakani, kuma a tabarmar ɗaurin aure ko ta suna ne biyun ke haɗuwa.

Dubi yadda kalmar goro ta yi rassa:

(8) goron gayyata, goron Sallah, goron Juma'a, goron albishir
(9) «Albishirinka!» «Goro!» «Fari ko ja?» «Fari!»
(10) Ya ba shi ɗan goro.

A (8) ba dole ba ne a ga goro ko ɗaya: goron Sallah na yara kuɗi ne. A (9) an yi alkawarin tukuici, launi kuma ya shigo, farin ya fi daraja. A (10) yanayin magana ne kaɗai zai nuna ko kyauta ce ko toshiyar baki. Babu abin da ke cikin furucin kalmar ko cikin siffar ƙwayar da ya haifar da wannan. Abin da ya haifar da shi shi ne tsada da nisan hanya da kuma cewa goro na rabuwa biyu a ci tare. Guy Nicolas ya nuna a 1986, game da yankin Maraɗi, yadda irin wannan kyauta ke ɗaure dangantaka. Abin sha'awa, rabawar da ta sa goro ya zama alamar zumunci ita ce Basine ke gudu a misali na (3), saboda sauti kawai.

Dabino kuwa darajarsa ta addini ce, da shi ake son buɗa baki. Rumman ma Hausa ta san shi ta wannan ƙofa: sunan aro ne daga Larabci, an ambace shi sau uku a Alƙur'ani, ɗaya daga ciki a siffanta Aljanna. Ana noma shi a lambunan Timiya cikin Abzin, amma bai zama ɗan kasuwar yau da kullum a arewacin Adar ba. Malami ya san sunan, gwaggonmu ba ta san siffar ba.

4.4. Ƙwarya

Ƙwarya ce ta haɗa hanyoyin duka. Ɗiyar duma ce, ma'auni ce (ƙwaryar goro guda 100 ke nan), kuma mace ce a karin magana: ƙwarya tagari tana ragaya, kowace ƙwarya da abokin burminta. Kafin kwano ya zo, ita ce jeren amarya. Marguerite Dupire ta bayyana a 1962 irin matsayin da tarin ƙore ke da shi ga matan Woɗaɓe, waɗanda ke kiwo a arewacin jihar Tawa.

Ta fuskar sana'a ma akwai kusanci da allon Sin. Mai zanen ƙwarya, idan da wuƙa yake aiki, yakan kankare fili ya bar zane a tsaye, yadda mai sassaƙa allo ke yi. Bambancin shi ne ƙwaryar ita ce ƙarshen aiki, allon kuwa uwa ce da za ta haifi ɗaruruwa. A ƙasar Asante, inda fataken goro ke zuwa, an yi wannan taki na gaba: hatiman da ake buga tufafin adinkra da su daga ɓallin ƙwarya ake sassaƙa su, kuma akwai irin wannan tufa da Bowdich ya samo a Kumasi a 1817 tana Landan. Can ɗan itace ya zama allon ɗab'i da kansa.

5. Komawa ga farantin Takanamat

Kwanon ruɓushi ya fara shigowa ƙasar Hausa daga Turai. Daga wajen 1960 ƴan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Najeriya, daga baya kuma aka riƙa shigo da na ƙasar Sin kai tsaye. Barbara Cooper ta nuna a 1997 yadda kwano ya maye gurbin ƙwarya a kayan ɗakin matan Maraɗi, abin da kowa ya shaida a Adar ma. Galibi akan fesa adon kwanon ne launi bayan launi, kowane ta cikin nasa ramin gwangwani, wato tunanin rarrabe launi na sashe na 2.2 cikin sabuwar riga. Ba dukkan zanen kwano ne na Sinawa ba, da yawa an tsara su ne don idon masu saye na nan. Amma inda tsohon zane ya biyo kaya, me ya same shi?

Ma'auninmu na ba da amsa. Alamar da ta dogara da sauti ba ta ƙetare iyakar harshe: tuffa a faranti ba za ta taɓa cewa «zaman lafiya» ga Bahaushe ba. Wadda ta dogara da labari na mutuwa idan labarin bai biyo ta ba, shi ya sa táo ya koma mangwaro. Wadda ta dogara da siffa ce kaɗai ke da damar rayuwa: da gwaggonmu ta san rumman, da «mai ɗiya da yawa» ba zai yi mata wuyar fahimta ba, tun da harshenta ya riga ya share hanyar. Duk da haka farantin bai zauna babu ma'ana ba. Ya samu sabuwa ta hanyar da Hausa ta fi ƙwarewa, wato amfani: wa ya kawo shi, guda nawa ne a jere, uwar amarya ta fita kunya ko ba ta fita ba. Mai sassaƙa a Suzhou da mai jere a Takanamat duka albarkar aure suke nufi, ɗaya ya sa ta cikin zanen, ɗaya ta sa ta cikin yawan kwanonin.

6. Kammalawa

Abubuwa uku muke son a riƙe. Na ɗaya, ga masu koyar da ilimin ma'ana: ƙa'idar Saussure ta cewa babu dangantakar dole tsakanin furuci da ma'ana tana nan daram, amma misalan (1) zuwa (7) na nuna yadda al'umma ke ɗaukar haɗuwar da ta faru bisa katari ta gina al'ada a kanta, har ta hana masoya raba ɗan itace. Ɗalibi zai fi saurin kama wannan daga ɗan kuka bisa ga misalan Faransanci da muka saba maimaitawa.

Na biyu, ga masu aikin ƙamus: shigar da ta tsaya ga «goro: Cola nitida» ta bar fiye da rabin kalmar a waje. Kowane sunan ɗan itace na buƙatar karinsa, da siffarsa a karin harshen Adar, da karin maganar da yake ciki, da bikin da ake miƙa shi.

Na uku, aiki ne na gaggawa. Kwano ya kori ƙwarya daga jere, roba da tangaran kuma suna korar kwano. Sunayen zanen ƙwarya, da sunayen da mata suka raɗa wa kowane samfurin kwano, suna bakin tsofaffi ne kawai. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundi shawara su ɗauki unguwa guda a Tawa ko gari guda kamar Takanamat, su zauna da masu sassaƙa da dillalai da iyayen amare, su rubuta kowane suna da karinsa da dalilin raɗa shi, tare da hoton abin. Sinawa sun ajiye abin da suka buga da allunansu, shi ya sa muka iya karanta addu'arsu bayan shekara 400. Namu allunan mutane ne, kuma ba a sake sassaƙa su.